Yadda rubutun hannu ya dawo cikin manhaja

A ce wani matashi a Haɗeja ya karɓi aikin haɗa manhajar waya ga wata ƙungiyar manoman shinkafa ta fadamar Auyo. Shugabanni suna son sanin sunan kowane manomi, girman gonarsa, buhunan takin da ya ci bashi, da abin da ya biya bayan girbi. Da kayan aikin Android na yau, alamar @Entity kawai zai ɗora a kan "Manomi", manhaja ta gina masa jadawali da kanta. Amma da ya zo neman waɗanda ba su biya ba, sai ya sa @Query, ya zauna ya rubuta tambayar da hannunsa cikin harshen SQL. Wannan haɗin gambiza sai da aka kai ruwa rana kafin a yarda da shi.

Tushen rigimar tsoho ne. A 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya kawo tsarin ajiye bayanai cikin jadawali, layi-layi kamar littafin mai shago. Bayan 'yan shekaru Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka ƙirƙiro harshen da ya zama SQL. Su kuwa harsuna irin Java ba su san jadawali ba, abu suka sani: manomi guda ɗauke da gonakinsa da bashinsa. Dole wani ya yi tafinta a tsakani, kuma shekaru da dama masu rubuta manhaja ne ke yin wannan aikin gajiyarwa, layi bayan layi.

A 2001 wani ɗan Ostareliya, Gavin King, ya fito da Hibernate don ya ɗauke musu nauyin. Da farko a wani fayil na XML daban ake bayyana wane abu ke shiga wane jadawali. Da Java 5 ta zo da alamomin @ a 2004, sai bayanin ya koma kan abin kansa, kuma a 2006 aka mai da salon ƙa'ida da sunan JPA. Mutane da yawa suka ɗauka sun rabu da SQL ke nan.

Ashe da sauran rina a kaba. Koma kan manoman Auyo: a nemi jerin mutum 500, tambaya ɗaya ce. Amma idan ba a yi hattara ba, tafintan zai koma rumbun bayanai sau 500 yana ɗauko gonakin kowa ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗan aiken da ke zuwa kasuwa don kowace ƙwayar albasa. Tambaya 501 ke nan a inda gwani zai rubuta guda. A 2006 ɗin dai wani mai suna Ted Neward ya kamanta wannan fasahar tafinta da yaƙin Biyetnam: shiga da sauƙi, fita da wuya. Ya ɗan zuzuta, amma duk wanda ya kwana yana laluben abin da ya sa shafi ya ƙi buɗewa ya san me yake nufi.

Akwai kuma waɗanda tun farko ba su saki alƙalami ba. Wani mai suna Clinton Begin ya fitar da iBATIS a 2002, wanda ya zama MyBatis a 2010: kai ka rubuta SQL ɗinka, shi ya zuba sakamakon cikin abubuwa. JPA ma ta bar ƙofar rubuta tambaya kai tsaye.

Google ya ɗinke ɓangarorin biyu a 2017 da Room, kayan aikin da matashin nan ke amfani da shi, wanda ke zaune kan SQLite, ƙaramin rumbun da ke cikin kowace wayar Android, ba ya neman intanet. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai karɓar bashi a ƙauyen da sabis ke ɗaukewa. Kuma idan matashin nan ya kuskure ya rubuta "manom" maimakon "manomi" a tambayarsa, Room zai tsai da shi tun a kwamfuta, kafin manhajar ta kai wayar sakataren ƙungiya.