Ruwan fanfon Tibiri da ƙasusuwan yaranta

Duk lokacin da aka yi bikin buɗe sabon fanfo a ƙauye, tarihin Tibirin Gobir nake tunawa, garin nan da ke dab da Maraɗi. A wajen 1985 aka fara ba garin ruwa daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa garau, ba wari, ba ɗanɗano. Wace uwa za ta yi zargin irinsa?

Ashe yana ɗauke da sinadarin fulorid fiye da kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita guda; na Tibiri ya ninka haka fiye da sau uku. Kaɗan daga sinadarin nan yana ƙarfafa haƙori, amma in ya yi yawa sai ya taru cikin ƙashin da ke girma. Haƙora suka fara yin ja-ja, daga baya ƙafafu suka lanƙwashe, wasu yara suka kasa tafiya lakwal. Dubban yara abin ya taɓa, ɗaruruwa suka naƙasa. Tafasa ruwan ma ba ya magani, don fulorid ba ƙwayar cuta ba ne da zafi zai kashe. Kuma yaron da ba ya samun madara da abinci mai gina ƙashi ya fi saurin kamuwa, shi ya sa ɗan talaka ya fi jin jiki.

Kusan shekara 15 ana shan ruwan nan kafin a dakatar. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH, tare da ANDDH ta nan gida, ta fitar da rahoto a kan yaran Tibiri.

Ni a ganina tsawon lokacin nan shi ne babban laifi. Awon fulorid ba abu ne mai wuya ba, kuma ban yarda cewa da a wata unguwar manya ta Yamai ne yara suka fara gurguncewa za a kai shekara 15 ana kallo ba. Malamai da iyaye, ku ne kuka fi kowa ganin bakin yara. In ƴan aji ɗaya da yawa suna da tabon ja a haƙora, a tambayi magajin gari yaushe aka auna ruwan rijiyar, a kuma nemi ganin takardar awon.