Daga Dawaki Zuwa Yankari: Tarihin Wani Daji

Duk wanda ya tashi daga unguwar Dawaki a garin Gombe ya kama hanyar Bauchi, gonaki da ƙauyuka zai yi ta ratsawa har ya wuce Alƙaleri. A Dindima ake karkata kudu zuwa Mainamaji, ƙofar dajin Yankari. Daga nan ƙasa kan sauya kama: itatuwa su rufe hanya hagu da dama, tafiyar kimanin kilomita 40, har sansanin Wikki mai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi. Haƙiƙa wannan duhuwa ragowa ce ta irin dajin da kakanninmu suka sani.

Mutane sun daɗe da zama a cikinsa kafin zuwan Turawa. Shaidarmu ita ce kufan wuraren narkar da tama a Ampara da Shaushau, da rijiyoyin Dukkey, da kogwanni 59 da aka sassaƙa cikin dutse, waɗanda ake kira da sunan P.J. Marshall da ya bayyana su a 1980. Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga maziyarta ranar 1 ga Disamba, 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, sannan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi. Ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996 ya raba mu da shi a taswira kawai, amma gadonmu ne baki ɗaya.

Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Da rani, idan tafkuna suka ƙafe, giwa da ɓauna da gwanki kan gangaro Kogin Gaji, inda dorina da kada ke zaune. Sai dai keɓewar ba ta hana asara ba. Raƙumin dawa da kyarkeci sun ƙare ƙaƙaf, zakuna 'yan tsiraru suka rage. Giwayen da suka haura 300 wajen 2006, ƙiyasin baya-bayan nan ya nuna tsakanin 100 ne da 150, saboda masu farautar haure. Kiwo da saran itace kuma suna cin dajin ta gefe.

Ba mu kaɗai wannan ta shafa ba. A gaɓar tekun Kalifoniya ta Amurka akwai jajayen itatuwa da tsawonsu kan wuce mita 100. An kafa musu gandun ƙasa a 1968, amma 'yan katako sun riga sun ci ƙarfinsu. Abin da ya tsira na tsofaffin bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Ashe doka ragowa kawai take iya ceta.

Saboda haka alhakin bai tsaya kan ma'aikatan gandun daji ba. Buhunan gawayin da ake jerawa a bakin wannan hanya, a murhunanmu na Dawaki da sauran unguwannin Gombe suke ƙarewa. Muddin muna saye ba mu dasa, kan iyakar Yankari gatari zai nufa.