Abin Da Kwandastan Danfo Ke Faɗa Bai Sani Ba

Kwanakin baya ina tsaye a Idumota, gindin gadar Carter, ina jiran mota, sai wani dattijo Bayarabe ya yi wa wani yaro kwatance da cewa ya same shi a "Soja Idumota". Na waiga ban ga soja ba. Ashe mutum-mutumin tagulla yake nufi, na soja da mai ɗaukar masa kaya, wanda Turawa suka kafa don tunawa da 'yan ƙasar nan da suka mutu a yaƙin duniya. An daɗe da ɗauke shi, yau gunkin Eyo ne a wurin, amma sunan ya ƙi barin bakin tsofaffi.

To daga nan ne na fara sauraren sunayen da kwandastoci ke rangaɗawa. Ɗauki Obalende. Da Yarbanci ma'anarsa kamar a ce "sarki ya koro mu nan". Su wa aka koro? Labarin da aka fi bayarwa shi ne sojojin Turawa ne, akasarinsu Hausawa, da aka tasa daga mazauninsu na cikin tsibiri aka tura su can. Wato kullum ana kiran labarin kakanninmu da ƙarfi a tasha, mu kuma muna ta neman canji.

Yadda suka zo kuwa abin tausayi ne. A 1863 wani Bature sojan ruwa, John Glover, ya tara mutum 18 'yan arewa, yawancinsu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu, ya ba su bindiga. Aka riƙa kiransu Hausawan Glover, kuma daga wannan shekarar ce rundunar sojan Nijeriya ke ƙirga shekarunta har gobe. Ban ce abin alfahari ne zalla ba, domin da irin waɗannan sojoji aka ci garuruwan mutane, har da namu a 1903. Amma dai lissafi ya nuna mun riga gadar Carter ɗin kanta zuwa, tunda ita sai 1901 aka gama ta farko, jirgin ƙasa kuma bai isa Kano ba sai 1911. Duk wanda ya ce maka jiya ka sauka daga tirelar shanu, ka yi masa wannan lissafin cikin ladabi.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne barikin Dodan. Ina yaro na ɗauka dodo ne a ciki, tunda daga nan sojoji suka yi mulki har aka koma Abuja a 1991. Ashe sunan wani wuri ne a Bama, inda sojojinmu suka gwabza da Japanawa a yaƙin duniya na biyu. Haka barikin Arakan da na Tamandu a Apapa, duk daga Bama aka kwaso sunayen.

A kan hanyarsa ta zuwa Dodan ɗin ne aka harbe Janar Murtala, Allah Ya jiƙansa, ranar 13 ga Fabrairu 1976. Baƙar marsandin tana gidan tarihi na Onikan da hudojin harsashi a jikinta. Daga Idumota ba nisa, in an tashi daga kasuwa da wuri a kai yara su gani.