Hular Napoliyon a Kasuwar Gwanjo: Matsayin Salsala Wajen Ƙayyade Darajar Kayan Tarihi

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi nazari a kan yadda ake yanka wa hular soja ta tarihi farashi idan za a sayar da ita ga masu tara kayan tarihi. An ɗauki hulunan Napoliyon Bonapat, Sarkin Faransa, a matsayin abin misali. Manufar ita ce a nuna cewa a irin wannan ciniki salsalar hula, wato jerin hannuwan da ta bi tun daga mai ita na farko, ta fi kayan da aka ɗinka ta da su tasiri.

2.0 Asalin Hular

Napoliyon ya hau gadon sarauta a shekarar 1804, aka ci shi da yaƙi a Watalu a 1815, ya kuma rasu a tsibirin Sen Helena a 1821. Hular da aka san shi da ita baƙa ce mai kusurwa biyu, wadda aka yi da matsattsen gashin wata dabbar ruwa ta ƙasashen sanyi, ba ta kuma da wani ado in ban da ɗan tambari mai launukan tutar Faransa. Galibin hafsoshin zamaninsa kan sa irinta kusurwa ɗaya gaba ɗaya baya, amma shi yakan gitta tasa daidai da kafaɗunsa, har dakarunsa kan shaida shi daga nesa. Kamfanin Poupard na birnin Faris shi ne ya riƙa ɗinka masa su. An ƙiyasta cewa ya yi amfani da kimanin guda 120, amma waɗanda suka saura ba su wuce kimanin 20 ba, kuma da yawa daga cikinsu suna gidajen adana kayan tarihi.

3.0 Ma'aunan Yanka Farashi

Masu ƙiyasi kan duba abubuwa huɗu. Na farko shi ne ingancin aikin, wato ko gashin da ɗinkin da girman kan sun dace da sauran hulunan da aka tabbatar. Na biyu shi ne lafiyar hular. Na uku shi ne ƙarancin irinta a kasuwa. Na huɗu kuwa, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne salsala. Wannan ya yi kama da aikin isnadi a ilimin Hadisi, inda ƙarfin ruwaya ke dogara ga haɗuwar maruwaita. Hafsoshi da yawa sun sa baƙar hula irin wannan, saboda haka idan salsala ta yanke, babu abin da zai raba hular sarki da ta ƙaramin hafsa.

4.0 Misalai Daga Gwanjo Uku

A watan Nuwamba 2014 kamfanin gwanjo na Osenat ya sayar da wata hula a garin Fontainebleau daga cikin kayan gidan sarautar Monako. An yi mata ƙiyasin yuro 300,000 zuwa 400,000, amma aka sallama ta a kan yuro 1,884,000 ga Kim Hong-kuk, shugaban kamfanin Harim na Koriya ta Kudu.

A watan Yuni 2018 an sayar da wata a birnin Liyon, wadda aka ce wani hafsan Holan ya tsinta bayan yaƙin Watalu. Duk da girman sunan wannan yaƙi, ta tsaya a kan yuro 350,000, domin ta jigata, kuma danganta ta da Napoliyon bai samu cikakkiyar hujja ba.

A ranar 19 ga Nuwamba 2023 Osenat ya sake sayar da wata a kan yuro 1,932,000. Salsalarta ta kai ga Kanar Pierre Baillon, ɗaya daga cikin masu hidimar fadar Napoliyon, ta daɗe a hannun zuriyarsa kafin ta shiga hannun masu tara kayan tarihi.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa tsakanin hular Liyon da ta 2023 akwai ratar da ta haura ninki biyar, alhali siga ɗaya ce da mutum ɗaya ake danganta su gare shi. Wannan rata ladan tabbatacciyar shaida ce. Sai dai inda shaida ta yi tsada haka, nan ne ake samun kwaɗayin ƙirƙira ta, shi ya sa hukuncin dillali kaɗai ba ya wadatarwa sai an haɗa da binciken masanin tarihi. Haka kuma, tashin farashi yakan sa gidajen adana kayan tarihi su kasa gogayya da attajirai, abin tarihi ya koma ɗakin mutum ɗaya inda manazarta ba za su kai gare shi ba. Don haka adana rasit da wasiƙu da takardun gado daidai yake da adana hular kanta.