Daga Ƙaho Zuwa Ƙwaya: Inda Tabar Wiwi Ta Tsaya a Tarihin Jinyar Karkarar Kano

Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Dambatta, ƙasar noma ce da ba ta san hutu ba. Gona na manne da gona, kowace damina sai an nome ta, kuma taki da ƙarfin ɗan Adam ne suka riƙe ta. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin yankin tun shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke kai itace birni su dawo da taki. Inda mutum ke yini a duƙe da fartanya, ciwon baya da na ƙugu da amosanin gaɓɓai ba baƙi ba ne. Shi ya sa kiran da ake yi na a halatta tabar wiwi don ta maye gurbin magungunan kashe raɗaɗi ya shafi mutanen nan kai tsaye. A ganina, tarihin yankin ya nuna cewa amincin magani ya fi rataya ga hannun da ya bayar da shi fiye da ganyen da aka haɗa shi da shi.

A da, mai ciwon baya wanzami yake nema. Ya kafa masa ƙaho, ya zuƙe iska, ya yi tsaga, ya fitar da abin da ake kira mataccen jini. Karaya da targaɗe na maɗori ne, mai jego ta ungozoma ce da kunun kanwa da ruwan zafi, sauran kuma sai sassaƙen maɗaci da marke, da man kaɗanya na shafawa. Ba duka ke warkarwa ba, kuma aska ɗaya a jikin mutum goma hanyar cuta ce. Sai dai sana'ar gado ce. An san gidan mai ita, an san ubansa, akwai Sarkin Aska a kansa, akwai dagaci idan abu ya ɓaci. Ko zaƙami, da kowa ya san yana juya hankali, masu magani da awo suke taɓa shi, domin gobe ma a garin za su kwana.

Tabar wiwi ba ta da wani sanannen gurbi a wannan gadon, saboda haka masu cewa komawa ce ga maganin kaka da kakanni sun yi kuskure. Masana da dama na danganta yaɗuwarta a Nijeriya da sojojin da suka dawo daga ƙasashen Indiya da Bama bayan 1945. A matsayin hayaƙi ta shigo, hukuma kuma da bulala ta tarbe ta: dokar soja ta 1966 ta tanadi har hukuncin kisa ga mai noma ta, aka sassauta a 1975, aka kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989.

Abin da ya canza jinyar ƙauye da gaske ƙwaya ce. Kemis ya buɗe a bakin kasuwa, mai talla ya ɗauko magani a kwali yana bin rumfuna, babu mai tambayar takardar likita. Tiramadol magani ne na gaskiya, likita kan ba da miligiram 50 ko 100, amma wanda ake kamawa a hannun 'yan fasa-ƙwauri kan kai 225. Ɗan ƙwadago ya sha don baya ya daina ciwo, daga nan ya sha don ya yi noman mutum biyu, daga nan ya kasa fita gona sai da shi. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba, miliyan 10.6 kuma na shan wiwi. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin.

Za a ce ai wiwi na rage raɗaɗi. Haka ne, kuma bai kamata a musa ba. Rahoton cibiyoyin kimiyya na Amurka na 2017 ya samu hujja mai ƙarfi cewa tana sauƙaƙa ciwo mai daɗewa ga manya, kuma a Disambar 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire ta daga rukunin ƙwayoyi mafi tsanani. Amma rahoton nan dai ya danganta yawan shanta da taɓin hankali, kuma yawancin gwajin da sinadari mai awo aka yi shi, a hannun likita. Ƙullin da ake saye a bayan tasha ba wanda ya san ƙarfinsa. Za a kuma ce Lesoto ta ba da lasisin nomanta a 2017, Maroko ta bi a 2021, manomi zai samu kuɗi. A yankin da gado ya daddatsa gonaki har wasu ba sa cika rumbu, duk kunyar da aka ba wiwi daga gero da dawa aka ƙwace ta. Idan har za a kawo maganin da aka tace daga gare ta, wanda mai ciwon daji ko na jijiya ya cancanci a gwada masa, to sai an fara samar da ma'aikacin lafiya da mai harhaɗa magani a asibitocin Kunci da Makoɗa da Tsanyawa, waɗanda za su auna, su rubuta, su kuma amsa tambaya idan majinyaci ya rikice.