Ɗaki a Kan Kaya: Daga Zangon Fatake Zuwa Layin Motoci a Jibiya

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako don waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Kwanan nan matasa na ta yaɗa bidiyon Turawa masu ɗora tanti a saman mota ko a kan 'yar tirela, su kwana a duk inda dare ya same su. A Italiya aka fara ƙera irinsa don sayarwa, a ƙarshen shekarun 1950, daga baya ya samu karɓuwa a Afirka ta Kudu da Ostareliya. Kuɗinsa kuwa, sai wane da wane. Ni dai abin da nake so mu duba yau shi ne, matafiyin ƙasar Hausa ya daɗe da sanin wannan dabara ta kwana tare da kayansa, kuma da abin da ke hannunsa yake haɗawa. Hanyar Katsina zuwa Maraɗi, wadda ta ratsa Jibiya, ta ishe mu misali.

Mu fara da fatake. Kafin mota, ayari ne ke ɗaukar gishiri da kanwa da fata da tufafi tsakanin Agadas da Katsina da Kano. Madugu ne shugaba, jagaba kuma yana gaba yana duba hanya. In rana ta yi sanyi sai a sauka a zango, a sauke wa jakuna da raƙuma kaya, a jera su kamar katanga, a shimfiɗa tabarma ko buzu a jikinsu. Da damina a kafa 'yar bukka ta ciyawa. Kun ga kayan sun zama bango, mai su kuma ya zama maigadi. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ake kira Abdulkarim, tare da ayarin gishiri na Abzinawa ya gangaro, ya bi ta Tasawa da Gazawa ya shigo Katsina a farkon 1851.

A lokacin babu wata boda. Ingila da Faransa ne suka raba ƙasar da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan aka bi aka kafa alamu. Jibiya ta faɗo Najeriya, Ɗan Isa da Maraɗi suka faɗa Nijar, alhali dangi ɗaya ne. Da manyan motoci suka maye gurbin jakuna, sai direba da yaron mota suka gaji halin fatake: ɗaya ya kwana cikin kan mota, ɗaya a saman lodi ko a ƙarƙashi. Sai dai yanzu an samu sabon abu, wato jira. Da can madugu ke cewa a tashi. Yanzu sai takarda ta fito.

Ku tuna abin da ya faru a idonmu. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. Da aka buɗe wasu a Disambar 2020, irin su Illela da Maigatari, Jibiya ba ta ciki, sai a Afrilun 2022. Ba a gama farfaɗowa ba sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Motoci suka maƙale a kan hanya da lodinsu, ga shi tsakiyar damina. Direba ba zai tafi ya bar dukiyar mutane ba, kuɗin masauki kullum kuma ba zai yiwu ba. To me ya rage? Tampol, gidan sauro, tabarma da igiya. Ɗakin ke nan.

Saboda haka in kana da 'yar tirela ko amalanke kana sha'awar irin na bidiyo, ba sai ka jira na kanti ba. Mai walda ya yi maka firam na ƙarfe, kafinta ya shimfiɗa katako mai ƙwari a kai, ka ɗaure ƙaramin tanti ko gidan sauro a kusurwa huɗu, ka rufa tampol da gangara don ruwa ya zurare. Ka bar tazara tsakanin tampol da gidan sauron, in ba haka ba zafi zai dafa ka. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, saitin tayoyi, don kada tirelar ta kife a kwana. Kafin ka hau, ka sa wa tayoyin waigi, ka tokare gaba da baya. Amfanin hawa sama a fili yake: ka tsira daga kunama da maciji da ruwan da ke malala, kayanka kuma suna ƙarƙashinka.

Amma fa akwai darasin da bidiyon ba ya nunawa. Bafatake bai taɓa dogara da bukkarsa don tsaro ba, da jama'a ya dogara, shi ya sa yake sauka a zango. Kowa ya san halin da yankin Jibiya ya shiga da 'yan bindiga a shekarun nan. Don Allah, komai kyan tantinka, kada ka kafa shi a daji kai kaɗai. Ka nemi tasha ko garejin da direbobi ke kwana, ka gaida mutanen wurin, su san da kai.

Wanda mahaifinsa ko kakansa ya yi fatauci ko tuƙi a wannan hanya, ya tambaye shi yadda suke kwana, ya rubuto mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya kiyaye hanya.