Sule: Tafiyar Kalma Daga Dokokin Kent Zuwa Kasuwannin Yammacin Kano

Kalmar sule, wadda wasu ke furtawa sulai, tana cikin kalmomin da Hausa ta aro daga Ingilishi a farkon ƙarni na 20, kuma ta zauna a bakin mutanen karkarar Kano, irin na Dugabau da sauran garuruwan Kabo da Gwarzo, har mai jinta ba zai yi zaton baƙuwa ce ba. Asalinta shi ne shilling, sunan wani kaso na kuɗin Ingila, kuma ba ta da dangantaka da Sule sunan mutum, wanda taƙaitawa ce ta Sulaiman, duk da cewa rubutun boko ya haɗa su a siffa ɗaya.

A tsohon Ingilishi ana rubuta kalmar scilling, kuma tana da 'yan'uwa a harsunan da suka haɗa kaka da Ingilishi, kamar Schilling na Jamusanci, wanda ya kasance sunan kuɗin Ostiriya har zuwa shigowar yuro a 2002. Masana sun saɓa game da tushenta, wasu suna mayar da ita ga wata saiwa mai nufin yanka ko rabawa, wato guntun da aka gutsuro daga zinariya ko azurfa, wasu kuma suna danganta ta da kalmar garkuwa. Tana cikin dokokin Sarki Ethelbert na Kent, waɗanda aka tsara a farkon ƙarni na 7, kuma su ne mafi tsufan dokoki da aka rubuta da harshen Ingilishi. A cikinsu aikin kalmar ya yi kama da na lissafin diyya a fiƙihu, domin da ita ake ƙayyade abin da mai laifi zai biya: hamsin ga wanda ya tsiyaye idon wani, ashirin ga babban yatsa, shida ga kowane haƙorin gaba.

Na tsawon ƙarnoni bayan haka kalmar ma'auni ce ta lissafi kawai, wato sunan da ake ba wani adadi na ƙananan kuɗin azurfa, ba tare da akwai wani ƙarfe guda da za a riƙe a hannu a ce shi ne ba. Adadin ma bai tsaya wuri ɗaya ba, don a masarautar Wessex kwabo biyar ne, a Mercia kuwa huɗu, sai bayan da Normaniyawa suka ci Ingila a 1066 aka daidaita shi a kan goma sha biyu, ashirin ɗinsa kuma suka zama fam guda. A zamanin Sarki Henry na Bakwai, wajen shekarar 1504, aka fara buga ƙarfe mai wannan daraja, shi ma da wani suna daban da aka aro daga kalmar Italiyanci mai nufin kai, saboda kan sarki da ke jikinsa. A zamanin jikansa Edward na Shida ne sunan lissafin ya hau kan ƙarfen kansa.

Lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano a Fabrairun 1903, kuɗin da suka tarar shi ne wuri, kalmar kuɗi ma jam'insa ce. Akwai kuma dala, azurfar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, wadda matafiyi Heinrich Barth ya tarar ana canza ta a kan wuri 2,500 a Kano a 1851. Abubuwa biyu ne suka tura sule cikin ƙauyuka. Na farko haraji da jangali, waɗanda gwamnati ta riƙa matsa wa hakimai da dagatai su karɓa da kuɗin Turawa, tunda wurin da zai cika fam kaɗan kaya ne na jakuna. Na biyu isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa da ta biyo baya daga 1912, inda dillalai suka bazu cikin karkara da tsabar kuɗi a jaka. Manomin yammacin Kano, mai noman gyaɗa da auduga, ya san sule ta waɗannan ƙofofi biyu, yana karɓarsa a gaban sikeli da kaka, yana miƙa shi ga mai unguwa ba da daɗewa ba. A 1912 aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a Landan, wadda ta fitar da nata sulen na azurfa a 1913, ɗauke da hoton bishiyar kwakwar manja.

Siffar kalmar a Hausa tana nuna hanyar da ta biyo. Yarabawa suna cewa shile, kamar yadda suke da kobo da toro da sisi, kuma kamannin waɗannan da kwabo da taro da sisi na Hausa ya sa ake ganin cewa yawancinsu sun iso Arewa ne ta bakin 'yan kasuwa da ma'aikatan da suka taso daga kudu, bayan an riga an sassaƙe su sau ɗaya. Hausa ta gina cikakken tsani a kewaye da sule. A ƙasa akwai anini, mai huda a tsakiya, wanda goma ɗinsa ne kwabo. Sai ɗari, wato rabin kwabo, sunan da ya rage daga lissafin wuri. Sai ahu, kwabo ɗaya da rabi. Taro kwabo uku, sisi shida, nai tara. A sama akwai fataka ko dala, sule biyu ke nan, sannan fam, sannan jaka, wadda take nufin fam ɗari. Abin lura shi ne yadda sisi, da yake rabin sule ne, ya koma yana nufin rabi ko a wani wurin, har aka sami sisin kwabo a matsayin wani sunan ɗari. Kwabo shi ma aro ne, daga kalmar Ingilishi ta jan ƙarfe, kuma shi ne farashin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita daga Zariya a 1939.

Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗin ƙasa a 1959 bisa tsohon tsarin fam da sule da kwabo, amma a ranar 1 ga Janairun 1973 aka koma naira, inda fam guda ya zama naira biyu. A hukumance sule ya mutu a ranar. A kasuwa kuwa mutane sun ɗauki sunan suka ɗora wa sabon ƙarfen kwabo goma, wanda darajarsa daidai take da ta tsohon sule, kuma shi ma, ko da gangan ko bisa dacewa, hoton kwakwar manja ne a bayansa. Ta haka kalmar da ta taɓa zama kwabo huɗu a Mercia, biyar a Wessex, goma sha biyu a Ingila da ƙasashen da ta mallaka, ta koma kwabo goma a Kano. Shekaru da yawa bayan canjin, masu talla da 'yan koli sun ci gaba da kiran kwabo hamsin sule biyar, naira sule goma, naira goma fam biyar, naira ɗari biyu kuma jaka, wato kalmar ta sake zama ma'aunin lissafi kamar yadda ta faro.

A Ingila kanta an sauya tsarin kuɗi a Fabrairun 1971, tsohon ƙarfen ya ci gaba da yawo a matsayin sabon kwabo biyar har aka janye shi a 1990. Kenya da Uganda da Tanzaniya da Somaliya ne suka riƙe sunan a matsayin na kuɗinsu na hukuma. A ƙasar Hausa faɗuwar darajar naira daga shekarun 1980 ce ta fitar da sule daga ciniki, tun kafin Babban Banki ya janye ƙananan ƙarafan a 2007, kuma matashin Kabo ko Gwarzo da aka haifa bayan nan da wuya ya faɗi ko kwabo nawa ne sule.

Jam'in kalmar ne ya tsira, kuma ya faɗaɗa. Sulalla a da tarin sule ne kawai, amma a Hausar yau sunan duk wani kuɗin ƙarfe ne, kowace irin daraja gare shi kuma daga kowace ƙasa ya fito, a matsayin kishiyar takardar kuɗi. Ƙannen sule kuwa sun koma zaman karin magana, inda wanda aljihunsa ya bushe yake cewa ba shi da ko sisi, ko anini, ko sisin kwabo, alhali sau da yawa bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu da idonsa ba.